Matakala Ɗari da Sha Bakwai

Gidanmu a Balparaiso yana maƙale a jikin tudu,
teku na can ƙasa tana wanke ƙafar gari.
Daga ƙofarmu zuwa titi, matakala ɗari da sha bakwai.
Mahaifiyata Eulalia ta daina saukarsu
shekara uku ke nan, har da 'yan kai.

Shekara talatin ta yi tana feɗe kifi a bakin ruwa,
wuƙa a dama, ƙanƙara har gwiwar hannu.
Da yatsu suka kumbura, ta ce sanyi ne.
Da gwiwa ta bi sahu, ta ce tsufa ne.
Kullum safiya sai ta yi awa guda tana lallashin hannunta
kafin ya yarda ya riƙe kofi.

Likita Villarroel ta ɗaga hoton ƙashi saitin fitila.
"Kin ga nan? Tsakanin ƙashi da ƙashi
akwai guringuntsi, shimfiɗa mai santsi.
Naki yana ta sirancewa,
kuma ba baƙo ke cinsa ba.
Masu gadin jikinki ne suka ruɗe,
suna aika shelar yaƙi
garin da kowa ke barci."

Mama ta ce, "Ashe ɓarawon na cikin gida."
Likita ta ce, "Ba ɓarawo ba ne,
mai gadi ne da ya kasa gane 'yan gida.
Allurar nan ƙwayoyin garkuwa ne a ciki,
aikinsu ɗaya tak:
su tare ɗan aiken a hanya, su riƙe masa riga
kafin shelar ta isa gaɓa."

"Za ta dawo min da wanda ya tafi?"
"A'a. Za ta yi ƙoƙarin tsare wanda ya rage."
Mama ta daɗe tana kallon hoton.
Ta ce, "To. Ragowar ma kuɗi ce."

Aka duba ƙirjinta, aka ɗebi jini,
aka ce ko zazzaɓi ya leƙo, mu kira.
Allurar ta samu wuri a firji
tsakanin ƙwai da man shanu.
Duk mako biyu, ranar Talata,
ni ke shafa auduga a cinyarta,
ita kuma ta juya kai tana zagin gwamnati.

A watan Yuli guguwa ta tsinke wuta.
Kwana biyu firji shiru.
Na zauna gabansa kamar mai jinya,
ina tsoron buɗewa, ina tsoron bari.
Sai ga tsoho Anselmo daga kasuwar kifi,
buhun ƙanƙara a kafaɗa, yana haki,
ya hawo duka ɗari da sha bakwai.
Muka naɗe allurar da tawul don kada ta daskare,
muka kwantar da ita a akwatin da ke ƙarnin kifi.
Ya ƙi karɓar ko sisi.
Ya ce tun tafiyarta ba wanda ya iya wasa wuƙa.

Wata na biyar, wata Asabar,
na ji ƙarar maɓalli yana shiga gidansa.
Ɗaya. Shiru. Biyu.
Ban leƙa ba.

Ta fito da rigar sanyi, maɓallan a karkace,
yatsun nan dai a tanƙware, haka za su zauna.
Ta kama ƙarfen gefe ta fara sauka.
A ta arba'in ta zauna, ta huta, ta kalli jirage.
Na ce, "Saura saba'in da bakwai."
Ta ce, "Wa ya sa ki lissafi?"

A kasuwa ta wuce gaisuwa,
ta nufi teburin Anselmo,
ta danna cikin wani kifi da babban yatsa,
ta ɗaga kuncinsa, ta sunsuna.

"Wannan na jiya ne," in ji ta.